Ɗaukar siffar abin da zai gushe: tambayoyi da amsoshi a kan aikin fasaha da na'urar sikana

Waɗannan tambayoyi ne da ke ta maimaituwa a bakin ɗaliban zane, masu ɗaukar hoto da masu son tsofaffin gine-gine, tun da wayar hannu ta fara iya ɗaukar siffar abu ta kowace kusurwa. Wasu aikin baje koli suke shiryawa. Wasu kuwa gidan kakanninsu ne ke gab da rushewa, suna so su riƙe wani abu daga cikinsa kafin magina su zo da siminti. An faro da tambayoyin ɗan koyo, aka gangara zuwa masu wuya.

Wai mene ne sikanin? Ba hoto ba ne kawai?

Hoto ne, amma ba irin na kyamara ba. Kyamara wuri ɗaya take tsayawa ta ƙyafta sau ɗaya. Sikana kuwa bi take yi. Wadda ka sani a shagon buga takardu, mai gilashi da murfi, fitilarta na tafiya a ƙarƙashin takarda layi bayan layi har ta kai ƙarshe. Ta 3D kuma ba launi kaɗai take ɗauka ba, tana auna nisan kowane ɗigo na jikin abu. Shi ya sa abin da take bayarwa yana da tsawo da faɗi da kauri, kana iya juya shi a kwamfuta ka leƙa bayansa.

Bambancin da ya fi shafar mai fasaha shi ne lokaci. Sikanin yana cin daƙiƙoƙi, wani sa'in sa'o'i, kuma duk abin da ya motsa a tsakani sai ya bar tabo. Abin ya daɗe fiye da yadda ake zato. A 1957 Russell Kirsch da abokan aikinsa a hukumar awo ta Amurka suka shigar da hoto cikin kwamfuta ta wannan hanya, ɗigo 176 a tsaye, 176 a kwance. Hoton ɗansa ne, jariri ɗan wata uku.

Ta yaya na'ura ke ɗaukar siffa mai kauri?

Hanyar da ta fi shahara wajen manyan gine-gine ita ce LiDAR. Ana kafa na'urar a kan ƙafafu uku, tana jujjuyawa tana harba hasken leza, tana lissafa nisan duk inda hasken ya buga ya dawo. Kowane bugu ɗigo ɗaya ne, kuma a zama ɗaya ana tara miliyoyi. Ana ce wa wannan tari gajimaren ɗigo. Sai a matsar da na'urar wani wuri a sake, daga baya manhaja ta ɗinke su.

Hanya ta biyu, fotogirametiri, wato awo da hotuna, ita ce ta talaka. Kana zagaya abu kana ɗaukar hotuna da yawa masu hawa kan juna, manhaja ta nemo alamomin da suka bayyana a hotuna daban-daban, ta lissafa inda kowace take. Akwai kuma masu haska zane-zanen haske a jikin ƙaramin abu su karanta yadda zanen ya lanƙwashe, waɗannan su ake amfani da su wajen sassaƙa da kayan gidan tarihi. Bayan an samu ɗigon, ana haɗa su su zama raga, a lulluɓe ragar da launin da aka ɗebo daga hotuna.

Alherin hanyoyin duka shi ne ba a taɓa abin. A 1999, da aka so kwafin raƙuman dawan Dabous da aka sassaƙa a jikin dutse a arewacin Agadas, sai da aka shafa wa dutsen roba aka ɓare ta. Kwafin ƙarfe da aka zuba daga nan yana filin jirgin saman Agadas. Yau da haske za a yi wannan aiki.

Me ya haɗa na'urar awo da batun tunawa da gushewa?

Ba a cika kai sikana wurin abin da ke zaune lafiya ba. Ana kai ta inda ake tsoro: ƙanƙarar da ke narkewa, unguwar da aka shafa wa jan fenti, fuskar tsohon da jiki ya fara ƙi. Duk sikanin shaidar yini ɗaya ce. Bangon da ka ɗauka a Afrilu, kafin Satumba ruwa ya ci kafaɗarsa, fayil ɗinka kuma yana nan yana rantsuwa da siffar da babu ita. Gwargwadon yadda awon ya yi daidai, gwargwadon yadda rashin ke fitowa fili.

Sannan fata kawai na'urar ke ɗauka. In ka kutsa cikin siffar a kwamfuta za ka tarar da fanko. Babu tubali, babu azara, babu sanyin soro da rana tsaka, babu muryar mai gidan da ke zama a zauren. Inda na'urar ba ta gani ba kuma sai manhaja ta cike da kirdado, ta shafe wurin sumul yadda ba za ka gane ba. Ɗan Adam ma haka yake tuna gidan da ya tashi a ciki: ƙofar zaure tana nan tangaran a ransa, lungun bayan rumbu ya dushe, wani ɗakin kuma labarin yayarsa ne ya gina masa shi ba tare da ya sani ba.

A ganina masu fasahar da suka fi cin nasara da wannan na'ura su ne waɗanda suka daina neman ta yi ƙarya cewa ta riƙe komai. Amsar da ke magana a kan ramuka da hazo ta faɗaɗa wannan.

Su wa suka yi irin wannan aiki da zan iya nema in gani?

Fara da ScanLAB Projects na Landan, wanda Matthew Shaw da William Trossell suka kafa. Sun bi jirgin ruwan Greenpeace zuwa tekun ƙanƙara na arewacin duniya tare da masu bincike na Jami'ar Cambridge, suka ɗauki siffar manyan ɓaraguzan ƙanƙara da ke yawo a kan ruwa. Da suka dawo sai suka ƙera mazubi daga awon, suka daskarar da ruwan gishiri a ciki, suka rataye ƙananan kwafin a ɗakin nuni a Landan a 2013, suka bar su suna narkewa suna ɗiga a gaban masu kallo. Ƙanƙarar asali ta daɗe da narkewa a teku, kwafin ma bai tsira ba. Daga baya suka yi FRAMERATE, wanda aka nuna a Venice a 2022, inda suka riƙa komawa wurare guda a Birtaniya kullum suna sikanin, har mai kallo ya ga gaɓar teku tana zaizayewa, lambu yana tsiro yana bushewa.

Do Ho Suh, ɗan Koriya ta Kudu, gida ne abin da ya dame shi. Da aka fara rushe rukunin gidajen Robin Hood Gardens a gabashin Landan a 2017, gidan tarihi na V&A da ke Landan ya ba shi aiki, ya haɗa sikanin 3D da hotuna ya bi ɗakunan mutanen da ke ciki tun ba su kwashe kaya ba. Shi ne kuma ya lulluɓe ɗakin da ya yi shekara 18 a cikinsa a New York da takarda, ya goge ko'ina da fensir mai launi har makunnin fitila. Wannan ma sikanin ne, da hannu.

Kada ka tsallake Rachel Whiteread ko da ba ta taɓa leza ba a aikin da ake nufi. A 1993 ta cika cikin wani tsohon gida a gabashin Landan da kankare, ta ɓare bangon, siffar iskar ɗakunan ta tsaya a fili. Ta ci kyautar Turner, babbar kyautar fasaha ta Birtaniya, a shekarar, hukumar yankin kuma ta rushe aikin a Janairun 1994.

Sikanin ɗina ya fito da ramuka da hazo. Na ɓata aikin ne?

Ba lalle ba. Akwai abubuwan da na'urar ba ta jituwa da su: gilashi, ruwa, madubi, kwanon tasa mai ƙyalli, baƙin yadi, farin bango sumul marar tabo, da duk abin da ke motsi, kamar ganye, labule ko akuyar da ta ratsa. Sauran ramukan kuma inuwa ce. Kamar mai haska tocila a ɗaki da dare ne, abin da ke bayan tukunya bai san da shi ba sai ya zagaya.

In aikin adana tarihi kake yi, koma ka cike giɓin da ƙarin ɗauka, kuma ka rubuta inda manhaja ta cike da kanta. In aikin fasaha ne, dakata kafin ka danna maɓallin gyara. Sophie Kahn ta gina sana'arta a kan wannan kuskure. Tana ɗaukar jikin mutum da sikanar leza wadda ba don mai rai aka ƙera ta ba, numfashi da ƙyaftawar ido su farfasa siffar, ita kuma ta buga ta a haka, gutsure-gutsure. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce ko ramin yana faɗin wani abu na gaskiya game da wurin. Inuwar mutumin da ya wuce ta zaure lokacin da kake ɗauka tana faɗin cewa ana zaune a gidan. Ramin da gaggawarka ta haifar ba ya faɗin komai sai gaggawar, kuma mai kallo mai ido zai bambance.

In an yi wa gini sikanin, an cece shi ke nan?

A'a. An samu awonsa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Andrew Tallon, malamin tarihin gine-gine a kwalejin Vassar ta Amurka, ya ɗauki majami'ar Notre-Dame ta Faris da leza, ɗigo sama da biliyan ɗaya. Ya rasu a Nuwamban 2018, gobara ta tashi ranar 15 ga Afrilun 2019. Awonsa yana cikin abin da masu gyara suka duba. Amma kafintoci ne suka fafe itacen rufin da gatari, masu sassaƙa dutse suka yi nasu, kafin a sake buɗe ta a Disamban 2024. Haka kaburburan sarakunan Buganda da ke Kasubi a Yuganda: ƙungiyar CyArk ta ɗauke su a 2009, wuta ta cinye babban ɗakin a Maris na 2010, kuma masu baibaya da suka gaji sana'ar ne suka mayar da shi.

A ginin ƙasa abin ya fi haka tsanani, domin shi ba shi da siffa ɗaya tabbatacciya. Masallacin Jenne a Mali duk shekara gari ke fitowa a yaɓe shi, duk yaɓe kuma yana ɗan sauya shi. Zamani Project na Jami'ar Cape Town ya ɗauke shi da leza, amma wane masallacin ya ɗauka? Na wannan shekarar. Hubbarorin waliyyan Tumbuktu da aka rusa a 2012, maginan garin ne suka tayar da su zuwa 2015 da ilimin da ke hannunsu.

Mu ma mun gani a gida. A Agustan 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, ya rufta ana cikin salla, aka yi asarar rayuka. A Satumban 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Damagaram. Fayil ba zai hana irin wannan ba. Abin da ke hanawa shi ne gyaran indararo, yaɓe a kan lokaci, da magini mai yaran da ke koyo. Ko kwafin masallacin Zariya da aka gina a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos, bisa awon da Zbigniew Dmochowski ya yi da tef da fensir, na ƙasa ne, shi ma yana jiran yaɓensa.

Abin da ya riga ya rushe fa, babu wanda ya ɗauke shi?

Ana iya tayar da wani abu daga tsofaffin hotuna in suna da yawa kuma daga kusurwa daban-daban. Bayan 'yan ISIS sun farfasa kayan gidan tarihin Mosul na Iraƙi a 2015, Matthew Vincent da Chance Coughenour suka buɗe Project Mosul, wanda ya koma Rekrei, suka roƙi duk wanda ya taɓa ziyarta ya aiko da hotunansa. Siffofin da aka samu sun fito da gaba mai kyau da baya marar tabbas, saboda masu yawon buɗe ido gaba suke ɗauka.

Morehshin Allahyari, 'yar asalin Iran, ta bi wata hanya. Ta sake gina abubuwa 12 da ISIS ta farfasa daga Hatra da Nainawa, tsofaffin biranen Iraƙi, a kwamfuta daga ɗan abin da ta samu na hotuna da rubuce-rubuce, ta buga su da roba mai garai-garai, ta binne filash ko memori a cikin kowanne ɗauke da duk abin da ta tattara a kansa. Ba ta ce ga asali ya dawo ba. Kwatanta wannan da kwafin tsohuwar ƙofar Palmyra ta Siriya da aka sassaƙa da inji a Italiya aka kafa a dandalin Trafalgar na Landan a Afrilun 2016. Ta fito tsaf, manya suka ɗauki hoto a gabanta, yaƙin da ya rusa ta asalin kuma yana ci.

Akwai ma inda babu hoto sam. A 2016 ƙungiyar bincike ta Forensic Architecture da Amnesty International sun gina siffar kurkukun Saydnaya na Siriya daga bakin waɗanda aka tsare a ciki, mutanen da akasari a duhu suka zauna, suka san ginin ta sautin taku da ƙarar ƙofa. Mai son tayar da tsohon gidansu da aka rushe zai iya ɗaukar darasi a nan: zaunar da gwaggo da baffa daban-daban, kowa ya zana yadda yake tunawa, kada ka sasanta saɓanin.

Da wayata kaɗai zan iya farawa?

Ƙwarai. Manhajoji irin su Polycam, Scaniverse da RealityScan suna aiki da kyamarar waya. Wayoyin iPhone na jerin Pro tun daga 12 Pro ta 2020 suna da LiDAR, sai dai bai wuce kimanin mita 5 ba, ya fi dacewa da ɗaki. A kwamfuta akwai Meshroom na haɗa hotuna, da MeshLab, CloudCompare da Blender na gyara, duk kyauta, amma suna son kwamfuta mai ƙarfi. Wasu manhajojin waya suna tura hotunanka intanet ne a sarrafa a can, ka lissafa kuɗin data, ka kuma tuna cewa hotunan sun bar hannunka.

Fara da ƙaramin abu marar ƙyalli: turmi, tukunyar ƙasa, tsohon sirdi, ƙwarya mai zane. Ajiye shi a inuwa inda haske bai da kaifi. Kai za ka zagaya, kada ka taɓa abin. Kowane hoto ya maimaita kamar kashi biyu cikin uku na wanda ya gabace shi. Yi zagaye ɗaya a tsaye, ɗaya a tsugune, ɗaya daga sama. Kada ka yi zum, kada ka kunna fitilar kyamara. Ajiye ruler a gefe domin a san girman gaskiya. Hoto mai hazo guda ɗaya yana iya ɓata sittin masu kyau, goge shi tun a wurin.

Ginin ƙasa da zanen bango irin namu, akwai wata dabara ta daban?

Ginin ƙasa yana daga cikin abin da fotogirametiri ya fi so, saboda ba ya ƙyalli kuma jikinsa cike yake da sawun hannu da ciyawar da aka cuɗa. Fito da sassafe kafin rana ta yi kaifi, ko ranar da hazon hunturu ya rufe sama, lokacin inuwa ba ta da baki. Zanen dagi da sauran ado na ƙofar gida suna buƙatar ka matso sosai. Cikin soro mai bakan gizo ko ɗaurin guga kuwa duhu ne matsalar, sai da fitila mai laushi da haƙuri. Saman gini da zankwaye ba sa samuwa daga ƙasa, kuma kafin ka tashi jirgi marar matuƙi a cikin gari ka nemi izinin hukuma da na maƙwabta, domin daga sama tsakar gidan mutane kake gani.

Shawarar da na fi ba da ƙarfi a kai ita ce kada ka ɗauka sau ɗaya. Zaɓi bango guda, ko wani yanki na ganuwar gari da ya rage, ka ɗauke shi kafin damina, bayan damina, da bayan yaɓe in an yi. CloudCompare yana iya ɗora biyu a kan juna ya nuna da launi inda ƙasa ta tafi. Ka kuma naɗi muryar maginin yana bayanin yadda ake haɗa makuba da inda ake samo ƙasa mai kyau, domin wannan ne na'urar ba ta gani, kamar yadda aka yi bayani a amsar ko sikanin na ceton gini.

Ni tsofaffin hotunan gida da takardu nake da su. Yaya zan yi da su?

Sikana mai gilashi ta ishe ka. Ɗauki hoto a kan ɗigo 600 a kowane inci, ƙananan hotuna irin na fasfo ka ƙara, ka adana a tsarin TIFF, ka fitar da JPEG domin rabawa. Ɗauki bayan hoton ma, can ne hatimin situdiyo da kwanan wata da rubutun hannu suke. Fim ɗin negetif da ya fara warin tsami yana ruɓewa ne, ware shi daga sauran ka fara da shi. Tsohon littafi ko takardar ajami mai rauni kada ka danne ta da murfi, kafa kyamara daga sama. Abu mafi gaggawa kuma ba na'ura ba ce: zauna da tsohuwar da ta san sunayen mutanen da ke cikin hotunan.

Game da gyara, ajiye na asali da tabonsa, da cin gara da sawun ruwa. Manhajojin da ke gyara fuska da sa launi ƙirƙira suke yi, suna iya ba kakanka idon da ba nasa ba, jikoki kuma su tashi da wannan fuskar. In fasaha kake so, buɗe murfin sikanar a ɗaki mai duhu ka ɗora abu a kan gilashin, carbi, tsohuwar hula, mabuɗin gidan da aka sayar. Abin da ya taɓa gilashi zai fito fes, sauran ya nutse cikin baƙi.

Wa ke da fayil ɗin, ni da na ɗauka ko masu abin?

Nan rigima take. Kan sarauniya Nefertiti, wanda Jamusawa suka tono a Masar a 1912, yana gidan tarihi a Berlin. A ƙarshen 2015 Nora Al-Badri da Jan Nikolai Nelles suka saki siffarsa ta 3D kyauta, suka ce a ɓoye suka ɗauka. Masana da dama sun yi shakka, suna ganin ingancin ya fi ƙarfin na'urar da suka nuna. Sai a 2019 Cosmo Wenman ya karɓo fayil ɗin gidan tarihin bayan shekara uku yana bin doka, aka tarar masu gidan tarihin sun sassaƙa sharaɗin lasisi a gindin siffar. Chidi Nwaubani da shirinsa na Looty sun shiga gidan tarihin Birtaniya sun ɗauki tagullan Benin da na'urar hannu, suna kiran abin ƙwato kaya ta hanyar dijital. Shafin Digital Benin da aka buɗe a Nuwamban 2022 ya jera abubuwa 5,246 da ke cibiyoyi 131 a ƙasashe 20. Yana da amfani sosai, amma jeri ba mayarwa ba ne. Allahyari, wadda aka ambata a amsar abin da ya riga ya rushe, tana kiran halin da kamfanonin waje ke ɗaukar kayan tarihin wasu su riƙe fayil ɗin da sunan mulkin mallaka na dijital.

Kai ma kana iya zama mai wannan laifin a unguwarku. Kafin ka ɗauki gida, yi sallama da mai gidan da mai unguwa, ka faɗi inda aikin zai je. Izinin zaure ba izinin cikin gida ba ne, ɗakin mata su za a tambaya. Makabarta, masallaci da fada kowanne da mai ba da izininsa. In ka gama, kai musu kwafi, a buga a takarda in ba su da kwamfuta, kuma in aikin ya kawo kuɗi kada su ji a bakin wani.

Addini bai hana ba?

Gini, itace, tukunya, yadi da rubutu babu magana a kansu, kuma su ne mafi yawan wannan aiki. Siffar mai rai ce ake tattaunawa. A mazhabar Malikiyya an fi tsanantawa a kan cikakkiyar siffa mai inuwa, wato mai jiki da ake taɓawa, fiye da zane a shimfiɗe, malaman zamani kuma sun yi saɓani a kan hoton kyamara da na allon kwamfuta. Saboda haka siffar mutum a allo da wadda aka buga da injin 3D aka ajiye a ɗaki ba lalle hukuncinsu ya zama ɗaya ba. Kai wa malaminka tambayar da bayanin abin da za ka yi dalla-dalla. Da yawa sukan zaɓi ɗaukar abin da mutum ya bari, kamar buzunsa, sandarsa ko gurbin da zamansa ya yi a dakali.

Fayil ai ya fi takarda daɗewa ko?

Ba haka tarihi ya nuna ba. A 1086 aka rubuta littafin Domesday na ƙidayar filayen Ingila a kan fata, yana nan ana karantawa. A 1986 BBC ta yi sabo domin cikarsa shekara 900, da hannun mutane sama da miliyan ɗaya, yawancinsu 'yan makaranta, aka zuba a faifan LaserDisc. Kafin 2002 na'urorin da ke karanta shi sun kusa ƙarewa, sai da masana suka yi aikin ceto.

Ajiye kwafi uku, a irin ma'aji biyu daban, ɗaya a wani gida ko wani gari. Zafi, ƙura da wutar da ke zuwa da ƙarfi suna kashe faifan ajiya, filash da aka jefa a durowa kuma ba amana ba ne. Kada ka bar aikinka a cikin manhajar waya kaɗai, kamfani na iya rufewa ko ya sa kuɗi. Fitar da shi a tsarin da kowa ke buɗewa: OBJ, PLY ko E57. Riƙe hotunan asali da ka ɗauka, domin manhajar gobe za ta fi ta yau iya haɗa su. Kowane fayil ya tafi da takardar da ta faɗi mene ne, ina ne, yaushe, da wa ya ba da izini.

Na gama. Yaya zan nuna wa mutane?

Ba sai da tabarau mai tsada ba. Gajimaren ɗigo yana da kyau a buge a babbar takarda, fari a kan baƙi, musamman in ka yanka ginin gida biyu ana ganin zaure da soro da tsakar gida a layi ɗaya. Kana iya fitar da bidiyo daga Blender inda kyamara ke ratsa bango a hankali, ka ɗora muryar masu gidan. Shafin intanet na Sketchfab yana ba mutane damar juya siffar a wayarsu, amma rage nauyin fayil ɗin saboda masu ƙaramar data. In bugun 3D za ka yi, duba amsar da ta shafi addini da ta mallaka tukuna.

Wurin nuni ma zaɓi ne. Majigi ɗaya da ƙaramin janareta ko batirin sola sun isa a haska aikin a jikin bango bayan sallar isha, a unguwar da aka ɗauke shi. Tanadi tabarmi ga dattawa, wuri daban ga mata, da na'urar naɗar murya, domin za a yi ta gyara maka: wannan ƙofar ba nan take ba da, wancan ɗakin na wance ne. Nemi izininsu ka haɗa gyaran cikin fayil ɗin.